Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Zaɓen Gwarazan Tanis A Newport: Ku Buɗe Wa Ora Washington Ƙofa

Zuwa ga shugabanni da kwamitin zaɓe na Zauren Karrama Gwarazan Tanis na Duniya, Newport, jihar Rhode Island, Amurka.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, na rubuto muku ne a kan wata baiwar Allah da babu sunanta cikin waɗanda kuka karrama, alhali tun tuni ya kamata a ce yana nan. Sunanta Ora Washington. Sau takwas tana cin kofin ƙasa na ATA, ƙungiyar tanis ta baƙaƙen fatar Amurka, a wasan ɗaiɗai na mata: bakwai a jere daga 1929 zuwa 1935, na takwas kuma a 1937. A wasan bibbiyu na mata, shekara 12 ta yi kofin bai bar hannunta ba, daga 1925 zuwa 1936. Idan aka haɗa da uku da ta ci a bibbiyu na mace da namiji, kofunan ƙasa 23 ke nan. Roƙona shi ne ku shigar da ita zaurenku a matsayin 'yar wasa, kamar yadda kuka shigar da takwarorinta farare na zamaninta.

Da harshena na rubuta, don ina so mutanenmu su ma su ji labarin. Zaurenku na duniya ne, haka sunansa ya ce, mu kuma da muke bin Wimbledon a talabijin da waya daga wannan nahiya muna da bakin magana a kan waɗanda ake kira gwarazan wasan.

An haife ta wajen 1899 a gundumar Caroline ta jihar Birjiniya, a gidan manoma masu 'ya'ya tara. Tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu. Da ta tasa sai ta bi sahun dubban baƙaƙen fata da suka riƙa barin kudancin Amurka a wancan lokaci, suna guje wa talauci da dokokin wariya, ta sauka wurin danginta a unguwar Germantown ta birnin Filadelfiya. Aikatau ta kama a gidajen masu hali. Wannan aikin ne ya ciyar da ita har a shekarun da jaridun baƙaƙe ke buga hotonta suna kiranta sarauniya, domin tanis na wancan zamani ba ya kawo ko sisi. Kofi ake miƙa maka, a tafa, ka koma bakin sana'arka.

Sai da ta kai kimanin shekara 25 sannan ta fara riƙe raket, a filin reshen baƙaƙe na ƙungiyar mata ta YWCA da ke Germantown. Ku da kuka san wasan nan ciki da waje kun san nauyin wannan magana. Suzanne Lenglen ta Faransa tun tana yarinya mahaifinta ke horar da ita, tana da shekara 15 ta ci babbar gasa a 1914. Helen Wills tana da 17 ta ci kofin Amurka a 1923. Ita kuwa Ora ta shigo ne a shekarun da wasu ke kan ganiyarsu, bayan ta sha aikin gona da aikin gidan mutane, amma cikin ɗan lokaci kaɗan ta ɗauki kofin ƙasa na bibbiyu a 1925 tare da Lula Ballard, wadda ita ma 'yar Filadelfiya ce kuma zakara a karan kanta.

Salon wasanta ba na littafi ba ne. Masu koyarwa suna so a riƙe raket a can gindin ƙota don hannu ya yi tsawo, ita kuwa sai ta matso da hannunta sama, kusan tsakiya, ta riƙa saran ƙwallo da gajeren bugu mai kaifi. Wanda ya riƙe raket haka ya rage wa kansa isa, dole ƙafa ta biya bashin. To ƙafar tana da ita. Ƙwallon da abokiyar karawa ta ɗauka ya wuce sai ta ga an dawo mata da shi, wanda aka ɗaga sama kuma da nufin a tsallake ta sai ta sauke shi da ƙarfin da ba a saba gani a wasan mata ba a lokacin. An kuma san ta da ƙin ɗumama jiki kafin wasa. Ta fi son a fara kawai, jiki ya yi zafi a cikin fafatawa. Babu kocin da zai koya wa yaro haka a yau, amma da wannan salon ta hana kowa sakat shekara da shekaru.

Idan sanyi ya shigo aka naɗe raga, sai ta koma ƙwallon kwando. Ta yi wa Germantown Hornets wasa, sannan ta koma ƙungiyar da jaridar Philadelphia Tribune ke ɗaukar nauyinta, inda ta zama 'yar tsakiya kuma ginshiƙi, suka riƙe kambun matan baƙaƙen fata shekara 11 a jere.

Abin da ya hana ku ganinta a takardunku ba ɓoyayye ba ne. Hukumar tanis ta Amurka, wadda a lokacin ake kira USLTA, ba ta karɓar baƙar fata a gasanninta. Wannan ne ya sa likitoci da malamai da 'yan kasuwa baƙaƙe suka kafa ATA a birnin Washington a 1916, suka yi gasar ƙasa ta farko a 1917 a filin Druid Hill da ke Baltimore, inda Tally Holmes ya ci ta maza, Lucy Diggs Slowe ta ci ta mata. A 1929, shekarar da Ora ta fara cin kofin ɗaiɗai, wasu samari biyu, Reginald Weir da Gerald Norman, sun nemi shiga gasar matasa ta USLTA a New York aka mayar da su saboda launin fatarsu. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta yi ƙorafi, babu abin da ya sauya. Weir ɗin nan sai a 1948 ya samu shiga gasar ƙasa ta hukumar. Kafin nan Ora ta gama zamaninta.

Ku duba wannan. Tsakanin 1927 da 1938 Helen Wills ta ci Wimbledon sau takwas. Tsakanin 1929 da 1937 Ora Washington ta ci ATA sau takwas. Ƙasarsu ɗaya, zamaninsu ɗaya, amma ko sau ɗaya ba a taɓa tsayar da su fili guda raga na tsakaninsu ba. Wills ta shiga zaurenku a 1959, ta kuma cancanta, ba ni da ja a kan haka. Maza sun ɗan samu abin da Ora ba ta samu ba, don a 1940 Don Budge, wanda ya cinye manyan gasanni huɗu duka a 1938, ya je Harlem ya kara da zakaran ATA Jimmie McDaniel a gaban jama'a. Budge ne ya yi nasara, amma McDaniel ya samu damar gwada kansa da gwanin duniya, mutane suka gani da idonsu. Wannan dama ɗaya tak Ora ta rasa har ta bar duniya.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba zan raina ta ba. Za a ce ma'aunin zaure shi ne nasara a manyan gasanni da matsayi a jerin gwanayen duniya, Ora kuma ba ta da ko ɗaya. Za a ƙara da cewa 'yan wasan ATA ba su da yawa, filayensu da horonsu ba su kai na farare ba, saboda haka kofinta bai kai nauyin na Forest Hills ba, wato filin New York da ake gasar ƙasa ta USLTA a lokacin.

Maganar farko ita ce ta fi ci mini rai. Waɗannan manyan gasanni da wannan jerin gwanaye, su wa suka riƙe makullinsu? Mutanen da suka hana ta shiga su ne suka rubuta sakamakon da yanzu ake cewa ba a ga sunanta a ciki ba. Tamkar malamin da ya kulle ƙofar aji ya bar yaro a waje, sannan ya buɗe rajista ya rubuta masa fashi. Ku ba ku ne kuka kulle ƙofar ba, na yarda. Amma duk shekarar da kuka auna Ora da wannan rajista, kun sa hannu a kan hukuncin da aka yanke mata tun 1929.

Magana ta biyu kuwa, amsarta tana nan a harabar da kuke zaune. A filin ciyawarku na Newport aka yi gasar ƙasar Amurka ta farko a 1881, kuma 'yan kulob-kulob ɗin da ke cikin hukumar kaɗai aka yarda su shiga. Richard Sears ya ci ta sau bakwai a jere, daga 1881 zuwa 1887. Daga 1884 ma doka ta ba mai riƙe da kofi damar ya zauna ya jira, sauran su ƙare da juna, shi kuma ya buga wasa ɗaya tak da wanda ya fito. Sears yana cikin rukunin farko da kuka karrama a 1955. Babu wanda ya ce sai ya nuna yadda zai yi da gwanayen duniya duka, ko ya ce abokan karawarsa 'ya'yan attajirai ne 'yan ƙalilan. An auna shi da filin da ya samu, an ga ya mamaye shi, an girmama shi, kuma daidai ne. Bakwai a jere nasa, bakwai a jere nata. Bambancin kawai shi ne ƙanƙantar gasarsa mutanensa ne suka zaɓa wa kansu, ita kuwa ɗora mata aka yi.

In kuma ana son a san ƙarfin zakarar ATA idan aka sake ta cikin farare, ai an gwada, kuma sakamakon yana rubuce. A watan Agustan 1950 Althea Gibson, wadda ke riƙe da kofin ATA, ta zama baƙar fata ta farko da ta taka Forest Hills a gasar ƙasa. Ta ci wasanta na farko. A zagaye na biyu aka haɗa ta da Louise Brough, wadda ta ci Wimbledon shekara uku a jere, 1948 da 1949 da 1950. Brough ta ɗauki zubin farko 6-1, Gibson ta rama da 6-3, a na uku kuma Gibson na gaba 7-6, saura ƙiris ta fitar da zakarar Wimbledon, sai hadari ya taso, ruwa ya ɓarke, tsawa ta faɗo da ɗaya daga cikin gumakan mikiya na dutse da ke saman filin. Aka ɗage. Washegari Brough ta ƙarasa da 9-7. Wannan fa yarinya ce da kusan duk gogewarta a filayen ATA ta same ta, fitowarta ta farko ke nan a babban fage. Shekaru kaɗan bayan haka ta ci gasar Faransa a 1956, ta ci Wimbledon da ta Amurka a 1957 da 1958.

Ita Gibson ɗin nan ta taɓa haɗuwa da Ora. A 1947, a wasan ƙarshe na bibbiyu na mace da namiji a gasar ATA, Gibson ba ta wuce shekara 20 ba, tana tare da mai ɗaukar nauyinta Dakta Robert Walter Johnson. A ɗaya gefen kuma Ora ce, tana dab da shekara 50, tare da George Stewart. Su Ora suka ci. A wannan shekarar ce Gibson ta fara jerin kofunanta goma na ɗaiɗai a ATA. Mutum biyun da suka sha kashi a ranar duk suna zaurenku: Gibson tun 1971, Dakta Johnson tun 2009 a matsayin wanda ya yi wa wasan hidima. Matar da ta doke su ce har yau take waje.

Akwai wani abu da ba na farare ba ne, kuma adalci ya sa in faɗe shi. Ko a cikin mutanenta Ora ba ta samu dukkan girman da ya kamace ta ba. Tanis na baƙaƙen Amurka wasan masu ilimi da rufin asiri ne, ita kuwa 'yar aikatau ce daga ƙauye, ba ta da ado, ba ta da sanyin murya irin wanda ake so a ga mace da shi. Da ta ajiye wasan ɗaiɗai bayan 1937, Flora Lomax ta hau, jaridu suka riƙa yabon kyanta da shigarta, har aka fara raɗe-raɗin cewa tsoronta ne ya sa Ora ta janye. A 1939 ta dawo, ta shiga gasa a Buffalo, ta doke Lomax, ta sake ajiye raket ɗin ɗaiɗai. Na kawo wannan ne don ku fahimci dalilin da ya sa sunanta ya nutse. Mace baƙa, matalauciya, ba ta da jami'ar da za ta yi alfahari da ita, ba ta da attajirin da zai tsaya mata. Irin waɗannan su ne zaure kamar naku ya fi zama dole ya nemo da kansa, domin babu mai kawo muku su.

Bayan ta bar wasa ta ci gaba da aikatau, tana koya wa yaran unguwa tanis a filayen gwamnati na Germantown. Ta rasu a 1971, aka kai ta Birjiniya aka binne. A wannan shekarar kuka karrama Althea Gibson. A wannan shekarar kuma zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown ya shigar da Satchel Paige, bisa aikin da ya yi a gasannin baƙaƙe na zamanin wariya, ta hannun wani kwamiti da aka kafa musamman don wannan. 'Yan shekaru bayan rasuwarta wani zauren karrama 'yan wasa baƙaƙen fata ya zaɓe ta. Aka shirya biki, aka tanadi kyautarta, aka kira suna ba ta fito ba. Masu bikin suka shiga cigiyarta, ba su san ta riga ta kwanta dama ba. Kyautar ta koma ofis. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci, domin ko masu son girmama ta ba su da labarin mutuwarta.

Waɗanda suka tono tarihinta daga baya sun yi aikinsu. Arthur Ashe, gwarzon tanis baƙar fata, wanda manyanmu a Nijeriya ba za su manta ba shi ne sojoji suka tasa daga fili a Legas a Fabrairun 1976, kwanaki kaɗan bayan kisan Janar Murtala, ya sa ta cikin babban tarihin 'yan wasa baƙaƙen Amurka da ya wallafa a 1988. Masaniyar tarihi Pamela Grundy ta bi takardun ƙidaya da tsofaffin jaridu da bakin dangi ta haɗa rayuwarta. A 2004 jihar Pennsylvania ta kafa allon tarihi da sunanta a gaban ginin da ta fara wasa a Germantown. Saboda haka babu wanda zai ce hujja ta yi ƙaranci.

Mutanen ƙwallon kwando ma sun riga ku. Zauren gwarazan mata da ke Knoxville ya shigar da ita a 2009. Babban zauren Naismith da ke Springfield ya shigar da ita a 2018, ta hannun kwamitinsa na baƙaƙen da suka yi wasa kafin a cire wariya. Masu besbol sun wuce nan: a Disambar 2020 suka ayyana gasannin baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 a matsayin manyan gasanni, a 2024 suka haɗe alƙaluman 'yan wasansu da na kowa, har ɗan besbol baƙar fata Josh Gibson ya hau saman wasu jerin da farare suka riƙe shekara da shekaru. Duniya ba ta tashi ba, kuma darajar kowa ba ta ragu ba. Tanis, wasan da Ora ta fara yin suna a cikinsa, shi ne ya rage a baya.

Ba na musun cewa an yi wasu abubuwa. Babban filin gasar Amurka sunan Ashe yake ɗauke da shi, an kafa mutum-mutumin Althea Gibson a harabar a 2019, ku ma kuna ba da labarin baƙaƙen 'yan wasa a baje kolinku. Amma labarin da ake bayarwa kusan kullum daga 1950 yake farawa, daga ranar da aka buɗe ƙofa, kamar kafin nan babu kowa a bayanta. Shekara 33 aka yi ana gasar ATA kafin Gibson ta taka Forest Hills. Akwai Isadore Channels da ta ci sau huɗu, akwai Lula Ballard da ta ci sau huɗu, akwai Tally Holmes, akwai Reginald Weir, akwai Jimmie McDaniel. Ambaton mutum a allon baje koli daban, zaɓensa a matsayin gwarzo daban, ku kuma kun fi kowa sanin tazarar da ke tsakani, tunda a kanta aka gina zaurenku.

Don haka ina roƙonku ku kafa kwamiti na masana tarihi da tsofaffin 'yan wasa da wakilan ATA, wanda aikinsa kawai shi ne duba waɗanda wariya ta hana shiga gasanninku kafin 1950, ku kuma ba shi ikon zaɓe na gaske, kada ya tsaya a ba da shawara. Ku ɗauki kofunan ATA na waɗannan shekaru a matsayin kofunan ƙasa, domin abin da suke ke nan ga 'yan ƙasar da aka hana su ɗayan. In dokokinku na yanzu ba su da gurbin da zai ɗauki wannan, ku ne kuka rubuta su, kun kuma taɓa gyara su: sai a 1975 kuka fara karɓar waɗanda ba Amurkawa ba, da Fred Perry na Ingila. Kada kuma a lallaɓa a shigar da ita ta rukunin masu hidima. Ora ba jami'a ba ce, ba mai ɗaukar nauyi ba ce. A fili ta yi aikinta, da raket a hannu, kuma rukunin 'yan wasa ne nata.

Kun san cewa wasiƙa irin wannan ta taɓa motsa wasanku. A watan Yulin 1950 Alice Marble, zakarar Wimbledon ta 1939, ta rubuta a mujallar tanis ta Amurka tana ƙalubalantar hukumar a kan hana Gibson wasa, wata guda bayan haka Gibson na Forest Hills. Marble tana da kofuna da sunan da dole a saurare ta. Ni mai kallo ne kawai daga nesa. Shi ya sa nake fata waɗanda ke cikin zaurenku da ransu, masu ƙuri'a da masu faɗa a ji, wani daga cikinsu zai ɗauki maganar nan ya kai ta teburin da ake yanke hukunci.

ATA tana nan da ranta, tana gasarta duk shekara, kuma ita ce ƙungiyar wasanni ta baƙaƙen Amurka mafi daɗewa. Zuriyar gidan su Ora ma ba su ƙare ba. Ranar da kuka yanke shawara, ku fara neman waɗannan biyun tun kafin ku buga takardar gayyata, don a samu wanda zai miƙe ya karɓa in an kira sunanta.

Ku huta lafiya.

Naku,
wani mai son wasan tanis daga Kaduna